Uwargida, Lambun Bayan Ɗaki Ma Yana Bukatar Malama

 A wannan mako ina so mu ajiye zancen girki da ɗinki tukuna, mu zagaya bayan ɗaki, wurin nan da kike yafa irin kuɓewa da yakuwa da zarar ruwan farko ya sauka. A gari kamar Madadi ta ƙasar Gwarzo, da ƙauyukan da ke kewaye da ita har zuwa ƙasar Kabo, da wuya ki shiga gida ki rasa ɗan fili tsakanin ɗaki da danga inda matar gida ta shuka wani abin miya. Ga alayyafo, ga lalo, ga rama, ga kabewa ta hau rufin akurki, ga zogale a jikin darni. Abin da nake so in faɗa shi ne, wannan ɗan fili gona ce, mai ita kuwa manomiya ce, ta kuma cancanci a koyar da ita kamar yadda ake koyar da maigida. Ya kamata a buɗe wa matan aure ajin koyon aikin lambu, a cikin gida, mace kuma ta koyar.

Ba yau aka fara kiran mata su yi shuka a gida ba. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta shela a rediyo cewa kowa ya noma bayan gidansa, makarantu ma su yi gonaki. A farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar KNARDA a Jihar Kano domin ta baza malaman gona cikin karkara, a ƙarshen shekarun kuma aka ƙirƙiro sashen mata a irin waɗannan hukumomi na jihohi. Duk an yi wannan. Amma ke da kanki kin san yadda abin yake tafiya. Malamin gona ya zo a kan babur, ya sauka ƙofar gidan mai unguwa, maza su taru a gindin bishiya, a yi zancen masara da takin zamani, a watse. Abin da zai iso cikin gida daga wannan zama bai wuce "an ce a yi feshi" ba. Ita kuwa wadda take fama da tumatir guda goma a bayan ɗaki, ba wanda ya tambaye ta me ke damun shukarta.

To, me za a koyar a wannan aji? Ni a ganina abu biyu ne a gaba da kome. Na farko, kada a bar ƙasa tsirara. Na biyu, kada a ba shuka magani sai an san ciwonta.

Mu fara da ƙasa. Yawancin ƙasar tudu a yammacin Kano jigawa ce mai rairayi, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Mu mata kuwa an hore mu da shara, har ya zama idan muka ga ganye ɗaya a ƙasa sai mu ɗauko tsintsiya. Tsakar gida haka take so, amma lambu ba ya so. Ƙasar da aka share tas, in ranar bazara ta buge ta sai ta ƙone, in ruwan sama ya zo da ƙarfi ya dake ta sai samanta ya daɓe kamar tsakar ɗaki, ruwa ya bi ta kai ya fice ta magudana, ya tafi da ɗan takin da kika wahala kika zuba. Shi ya sa za ki ga lambun da ya yi kyau shekara biyu, a ta uku kuɓewar ba ta wuce gwiwa ba.

Maganin wannan yana cikin rumbunki. Shuka mai yaɗo ita ce zanen ƙasa: wake, gyaɗa, kabewa, guna, dankali. Iyayenmu ba su taɓa shuka gero shi kaɗai ba, sai sun bi tsakanin kunya da wake, irin su kanannado da ɗan ila, waɗanda suke malala su rufe gona. Masana aikin gona na Samaru a Zariya, da na cibiyar IITA da ke Kano, sun daɗe suna bincike a kan wannan haɗi, abin da suka tarar kuwa shi ne tsofaffin sun san abin da suke yi. Ganyen wake yana tare wa ƙasa dukan ruwa da zafin rana, yana danne ciyawa, yana ajiye laima. Sa'an nan akwai wani aiki da yake yi a ɓoye. In kika tuge gindin wake mai lafiya kika kakkaɓe ƙasar, za ki ga 'yan ƙwayoyi maƙale a jikin saiwar, kamar ƙwayar dawa. Ki fasa ɗaya da farce, cikinta ja-ja ne. A nan ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke zaune, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna ba shuka. Wannan sinadari shi ne dai wanda maigida yake biyan kuɗi mai tsoka ya sayo a buhun yuriya.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma shi ne irin abin da ba a faɗa a shelar rediyo. Yawancin abin da waken ya tara yana cikin ganyensa da 'ya'yansa. Idan kaka ta yi kika tattare harawar kaf kika ɗaure wa awaki, to, kin kwashe takin kin kai turke. Ba na cewa ki hana akuya harawa, don na san darajarta a watan Maris. Abin da nake cewa shi ne abin da ya fita daga lambu ta bakin akuya ya dawo masa ta shara. Ki yanke waken daga sama ki bar saiwar a ƙasa, ki tara kashin awaki a rami ki lulluɓe, ya yi wata biyu ko uku ya ruɓe, kana ki mayar. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona shuka yake yi, kada ki kuskura ki zuba shi gindin dashe. In kuma daga juji za ki ɗebo taki, ki tsince leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura tukuna, domin jujin yau ba irin na zamanin kakanninmu ba ne.

Wata za ta ce, da rani fa, lokacin da ruwan sha ma sai an yi layi a rijiya, wa zai shayar da wake don ya rufe ƙasa? Gaskiya ne. Waɗanda suke kusa da madatsun ruwa irin su Guzuguzu a ƙasar Kabo, ko Challawa a Ƙaraye, suna da damar noman rani, mafi yawan gidaje kuwa ba su da ita. To, in babu ɗanyen rufi a yi da busasshe. Ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, karmami, ganyen da bishiya ta zubar, duk a shimfiɗa su a kan fangali kaurin yatsu uku. Na san abin da zai zo miki a rai, watau gara. Gara tana cin busasshen abu, ba musu, amma a cikin cin nan tana huda ƙasa tana buɗe wa ruwa hanya. Manoman ƙasar Tawa a Jamhuriyar Nijar, Hausawa 'yan'uwanmu, da haka suka farfaɗo da feƙaƙƙun gonaki tun ƙarshen shekarun 1980: su haƙa 'yan ramuka da suke kira tassa, su zuba taki, gara ta shiga ta sassauta ƙasar, ruwa ya zauna. Sai dai ke a gida ki nisanta shimfiɗar daga bangon ɗaki da jikin danga, kada garin gyaran lambu a rasa azara.

Yanzu mu zo kan ciwo da magani, inda a nan ne hankalina ya fi tashi. Idan yaro ya yi zazzaɓi, uwa mai hankali tana taɓa goshinsa, ta duba idonsa, ta tambaye shi abin da ya ci. Amma in shuka ta yi yaushi, sai a aiki yaro kasuwar Getso ko shagon bakin titi da kuɗi a hannu, a ce "a ba ni maganin ƙwari". Mai shago ba ya ganin shukar, ya ɗauko abin da ke gabansa, wani lokaci ma an ɗura shi a kwalbar da ba ta da takarda. A zo a auna da murfi, a fesa da tsintsiya, gobe a tsinki ganyen a yi miya. Alhali kuwa da yawa daga cikin abubuwan da ke damun lambun gida ba ƙwaro ne ke kawo su ba.

Ga misali. Tumatir ya yi 'ya'ya, sai ki ga gindin kowane ɗa ya yi baƙi ya lotsa. Babu tsutsa, babu rami. Wannan ƙishirwa ce da ƙoshi suke musanya: yau an ba shi ruwa har ya kwanta, an yi kwana uku ba a waiwaye shi ba. In ruwa yana yankewa haka, sinadarin kalsiyam ba ya isa can ƙarshen ɗan tumatir, sai wurin ya mutu. Ko kwalba nawa kika fesa ba za ta hana ba. Ruwa kaɗan-kaɗan kullum, da rufi a gindin shuka, shi ne maganin. Haka kuma in ganyen ƙasa ya fara zama rawaya na sama yana kore, yawanci yunwa ce, taki shukar take nema. In kuwa lokacin marka ne, duk shukar ta yi rawaya, ki tura yatsa a ƙasa, mai yiwuwa ruwa ne ya kwanta ya shaƙe saiwar, sai a ja masa hanya. Ruwan wanki mai yawan Omo ma yana ƙona bakin ganye, a hankali kuma ya ɓata ƙasar. Ruwan wanke hatsi da na ɗauraye kwanuka ya fi.

Akwai kuma ciwon da ba shi da magani sam, sanin haka ma riba ne. In ganyen tumatir ko attaruhu ya nannaɗe ya ƙanƙance, shukar ta tsumbure ta ƙi girma, ki girgiza ta. Za ki ga wasu 'yan fararen ƙudaje sun tashi. Su ne suke ɗaukar cutar daga wannan shuka zuwa waccan, kamar yadda sauro yake yi da zazzaɓi. Shukar da ta kamu ba ta warkewa. Tuge ta za ki yi ki binne tun ba ta shafa wa 'yan'uwanta ba. Tsofaffi a cikinmu ba za su manta da 1975 ba, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a Arewa, ta ƙara durƙusar da cinikin da ya gina dalar gyaɗa a Kano. Darɓa ce ta yaɗa waccan cuta, watau 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan da suke taruwa a bayan ganye suna tsotse shi. Abin da masana suka lura da shi kuwa, gyaɗar da aka shuka da wuri, aka kuma matse ta har ta rufe ƙasa, darɓa ba ta cika sauka a kanta ba kamar wadda aka shuka jefi-jefi. Kin ga zancen rufe ƙasa ya sake dawowa. A lambunki, in kika ga kiyashi suna hawa da sauka a jikin kuɓewa, ki juya ganyen, darɓa na nan.

Wanda ya fi kowane rikitarwa shi ne na saiwa. Kuɓewa ko tumatir ya riƙa yin yaushi da tsakar rana alhali ƙasar da danshi, da yamma ya ɗan farfaɗo, 'ya'ya kuwa babu. Ki tuge ɗaya. In saiwar ta kumbura ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani suka shige ta. A nan ne ake yin kuskure, domin abin ya yi kama da 'yan ƙwayoyin nan na alheri da na ce za ki gani a saiwar wake. Bambancin shi ne, na alherin a gefe suke maƙale, in kika murza sai su ɓalle, na cutar kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓalluwa. Wurin da wannan cuta ta kama, kada ki mayar masa da kuɓewa, ko tumatir, ko barkono, ko gauta. Kabewa ma tana kamuwa, yawancin wake ma haka. Gyaɗa za ki sa, ko masara, ko dawa, har damina biyu. Kin ga ke nan ko shukar rufe ƙasa ba kowace ce ta dace da kowane wuri ba. Wannan ba abu ne da za a iya koya wa mutum ta rediyo ba, sai an riƙe saiwa biyu a hannu, an nuna, an murza. Dalilin da ya sa na nace a kan aji ke nan.

Ba na musun cewa akwai ƙwaro na gaske. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta afka wa Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Ɗangote ta Kadawa kuma ta tsaya don rashin abin niƙa. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga ƙasar Sifen a 2006, daga nan ta gangaro mana. Ta sake ɓarna a Kano a 2023. Tsutsar tana shigewa tsakiyar ganye ne ta ci, ta bar fatar sama da ta ƙasa kamar farar takarda, saboda haka feshi ba ya cika samunta, ga shi kuma ta saba da magunguna da yawa. Mai kadada biyar yana cikin tasku da ita. Ke mai gindi goma kuwa kina da abin da ba shi da shi, watau ido da hannu. Kowace safiya ki duba, ganyen da ya yi farin tabo ki tsinke ki jefa a murhu. Ki kuma yi dashe da wuri yadda za ki cinye tumatirinki cikin sanyi, domin da zafin bazara ta fi hayayyafa.

In har sai an fesa wani abu, ga darbejiya a ƙofar gida tana zubar da 'ya'ya ana sharewa. A tsince nunannu, a shanya, a ɓare, a daka ƙwayar kimanin giram 50, watau cikin tafin hannu biyu, a jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma har bayan ganyen. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da hayayyafa yake yi, rana kuma tana kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, don haka sai an maimaita kowane mako. Masu son ganin gawa a take suna raina shi. Ni kuwa na fi son abin da zan fesa a alayyafo ba tare da gabana ya faɗi ba.

Domin magungunan kwalba ba abin wasa ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar ƙwari da aka samu a jikinsa. Guba ce irin wadda ke cikin Sniper da fiya-fiya, wadda a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni. Abin da Turawa suka ƙi ci, mu muna yayyafa shi a ganyen da za a yi wa yaro miya da shi. Kowane maganin gona na ƙwarai yana ɗauke da bayanin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, amma da Turanci aka rubuta, da ƙananan baƙaƙe.

A nan ne aikinki ya zo, ke 'yar makaranta. Ilmin aikin gona da ake koya miki ba don jarrabawa kaɗai ba ne. Ki karanta wa mahaifiyarki takardar kwalba kafin a buɗe ta, in babu takarda ki ce a mayar. Ki ware 'yan shafuka a bayan littafinki ki rubuta abin da aka shuka a kowane lungu da ranar da aka shuka, domin baɗi ba wanda zai tuna inda kuɓewar bana ta tsaya. Ganyen da ya gagari ganewa ki sa shi a leda ki kai wa malamin aikin gona na makarantarku. Kada ki ji kunyar a ce kina wasa da ƙasa. Malamar gonar da muke nema ta shiga gidajen Madadi, daga cikinku za ta fito, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, ga Jami'ar Bayero.

Wani zai ce matan aure ba su da sukunin zama aji, ko kuwa mazansu ba za su bari ba. An faɗi haka sa'ad da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya a 1980, amma mata suka fito suka koyi karatu da rubutu, har yau kuma kina ganin yadda makarantun matan aure suke cika. Balle wannan aji ba ya bukatar gini ko benci. Gidan ɗaya daga cikinku ya isa, bayan la'asar, mata goma ko goma sha biyar. Ba kullum ba ne kuma. Zama ɗaya a watan Afrilu kan haɗa taki, ɗaya da saukar damina kan abin da za a shuka kusa da me, biyu cikin marka lokacin da cututtuka suke fitowa, ɗaya da kaka kan ajiye iri da rufe ƙasa. Maigidan da ya sha jin "ba kayan miya" tun da kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai a 2023, ban ga dalilin da zai sa ya ƙi ba.

Hanyar nema kuwa sananniya ce. Ku haɗa kanku ta ƙungiyar adashinku ko ta makarantarku, ku rubuta sunayenku a takarda, ku roƙi uwargidan mai unguwa ta miƙa masa, shi kuma ya kai wa kansilan mazaɓa da sashen aikin gona na ƙaramar hukumar Gwarzo ko Kabo. Ku faɗa a fili cewa malama mace kuke so, kuma koyarwa kuke nema, domin in ba ku faɗa ba za a iya aiko muku da kwalin magani a ce an gama. Ranar zaman farko, kowace ta zo da shukar da ta fi ba ta haushi a lambunta, a tuge ta har saiwa, kada a wanke ƙasar.